An Sayar Mana da Doki, An Riƙe Linzami

A kasuwar Bahaushe, tun daga Kurmi ta Kano har zuwa Rood Woko ta Wagadugu, akwai kalma guda da ke yanke ciniki. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a sassauta, har a kai inda mai kaya zai ce: na sallama. Daga wannan lokaci hannunsa ya fita daga kan hajar. Wanda ya sayi tukunya, in ya ga dama ya tuƙa tuwo a cikinta, in ya ga dama ya jiƙa wa tumaki dusa, maginiya ba ta bin sa gida ta leƙa murhunsa. A kan wannan amana fataken goro suka bi hanyar Gwanja, suka yada zango a ƙasar Mosi, har zangon ya zama unguwa, unguwar ta haifi jikokin da ke zaune yau a Cissin da kewayenta. To ga shi zamani ya zo mana da wani irin ciniki da kakanninmu ba su sani ba: ka biya kuɗi lakadan, ka kai kaya ɗakinka, amma mai kaya bai sallama ba.

Maganar da ake yi ita ce ta ƙananan na'urorin nan da ake maƙala wa talabijin don kallo ta intanet. Kamfanin Amazon na Amurka ya fara sayar da tasa, Fire TV Stick, a shekarar 2014. An gina ta a kan tsarin Android, saboda haka mai ita yana da damar ɗora mata manhaja daga waje, wato wadda ba ta cikin rumbun manhajojin kamfanin. Wannan dama ce ta sa na'urar ta karɓu a wuraren da Amazon ba shi da shago ko wakili, ta riƙa zuwa a jakunkunan matafiya da kwalayen 'yan kasuwa. A ranar 30 ga Satumba 2025 kamfanin ya gabatar da sabon samfuri mai suna Fire TV Stick 4K Select, a kan kusan dalar Amurka 40, mai aiki da wani sabon tsari da ake kira Vega. A wannan samfurin an toshe ƙofar waje: abin da ke rumbun Amazon kaɗai mai saye zai iya ɗorawa. Kafin shekarar ta ƙare kuma kamfanin ya bayyana cewa har tsofaffin na'urorin da ke hannun mutane zai riƙa kashe manhajojin da aka tabbatar masa na satar fasaha ne a kansu, ya fara da Faransa da Jamus, da niyyar game duniya.

Ba Amazon kaɗai ba ne. A watan Agustan 2025 Google ya sanar cewa na'urorin Android masu shaidarsa za su daina karɓar manhajar duk wanda bai yi rajista ya bayyana kansa ga kamfanin ba, za a fara a watan Satumban 2026 a Burazil da Indunusiya da Singafo da Tailan, sauran duniya ta biyo baya daga 2027. Netflix kuwa a watan Yunin 2025 ya janye daga na'urorin Fire TV na farko-farko, ga shi dama akwatunan da ba su da shaidar tantancewa sau da yawa manhajarsa ko ta ƙi hawa kansu, ko ta hau da hoto dishi-dishi. Duk inda ka duba, ana ja da ƙyaure ne a hankali.

Mai karatu na Kano ko Zariya zai iya cewa, to me ya yi zafi, ba dai kallo ba ne? Sai ya zo Cissin ya zauna mako guda. Yaron Bahaushe a nan, da ya fita ƙofar gida Mosanci ne ke tarbar sa, a makaranta Faransanci, a kasuwa wani lokaci Julanci. Hausa ba ta da fili sai tsakar gida da zaure da bakin masallaci. Abin da ke taya uwa riƙe harshen a bakin 'ya'yanta shi ne wannan allon da ke jingine a falo: Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na tashar Arewa24, wadda ta fara watsa shirye-shirye a 2014, da Labarina na Aminu Saira, da Izzar So, da fassarar fina-finan Indiya irin ta Algaita, da tafsirin azumi, da waƙoƙin biki. A nan yarinya ke jin yadda ake gaida suruka, yaro ya ji karin maganar da mahaifinsa ya manta. Ga wanda ke zaune a tsakiyar Hausawa, allon nan abin rage dare ne. Ga wanda ke baƙon harshe, makaranta ce.

Gaskiya ne YouTube yana cikin rumbun da aka tantance, kuma da yawa daga waɗannan shirye-shirye a can suke. Amma kallo kai-tsaye yana cin kuɗin intanet kamar gara, ga wutar SONABEL da kan yi ƙyafta-ido a watannin zafi. Saboda haka gidaje da yawa sun saba da wata hanya: a je wurin masu turi a cika filashi, a tura wa juna ta Xender, a ɗora wa na'ura manhajar da ke iya buɗe kowane irin bidiyo, a kuma karɓi 'yar manhajar gidan rediyo ko ta karatun wani malami wadda wani matashi ya haɗa ya raba a WhatsApp. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne ba su da takardar shaida. Ranar da aka rufe ƙofar waje, su ne ke kwana a titi.

Bari mu ba kamfanonin haƙƙinsu, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babu mai musun cewa mafi yawan abin da ake ɗorawa ta ƙofar waje manhajojin kallon ƙwallo ne na sata, masu kawo gasar Ingila da ta Sifaniya ba tare da an biya masu haƙƙi ko sisi ba. Mu Hausawa kuwa mun fi kowa sanin abin da satar fasaha ke yi. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a Kano a 1990, ta cika kasuwar Ƙofar Wambai da kaset da faifai, kwafin sata da turi ne suka durƙusar da kasuwarta, har masu shirya fim suka koma dogaro da YouTube. Haka nan batun tsaro ba ƙarya ba ne. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wata cutar na'ura da ake kira BadBox 2.0, kuma a watan Yuli Google ya shigar da ƙara yana cewa ta kama na'urori fiye da miliyan 10, akasarinsu akwatunan araha marasa shaida, wasu ma da cutar a cikinsu suke fitowa daga kwali. Wanda ya sa irin wannan akwati a gidansa, yana iya zama ya ba ɓarayi aron layinsa bai sani ba. Araha ba ta ado.

Duk mun yarda da wannan. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a haɗa ɓarawo da baƙo a ɗaure su da igiya ɗaya. Kashe manhajar da aka kama da sata abu ne daban, toshe ƙofa gaba ɗaya abu ne daban. Rashin takardar shaida ba ya nufin sata. A shekarar 2015 Amazon ya fitar da manhajar Kodi daga rumbunsa, alhali Kodi halastacciyar manhaja ce ta kunna bidiyo wadda masu sa-kai suka gina suka bayar kyauta, kuma tana nan a rumbun Google. Laifinta kawai shi ne wasu na amfani da ita ta hanyar da ba ta dace ba. Da haka ake shari'a, da tuni an hana sayar da wuƙa a kasuwa. Shekara goma masu son Kodi suna ɗora ta ta ƙofar waje, yanzu a sabon samfuri ƙofar ma babu.

Sannan a tambaya: wane ne mai tantancewar? Shi ne dai mai sayar da na'urar, shi ne mai rumbun, kuma shi ne mai Prime Video da ke neman kuɗin watanka. Alƙali ne da ke da rumfa a kasuwar da yake yi wa hukunci. Jerin manhajojin da za a kashe kuwa ana haɗa shi ne da taimakon wata ƙungiya mai suna ACE, wadda kamfanoni 30 suka kafa a 2017, cikinsu har da Amazon da Netflix da Disney da Canal+. A cikin waɗanda suka kafa ta akwai na Indiya, akwai na Burazil, akwai na Meziko, amma babu na Afirka ko ɗaya. Don haka kada wani ya yaudare mu cewa gumin jarumin Kannywood ake karewa. Shingen an yi shi ne don gonar masu shingen. Fim ɗin Hausa da aka sace jiya, gobe ma za a sace shi, babu wanda zai kashe wata manhaja dominsa.

Wani abin takaicin shi ne, wanda ya rufe maka ƙofar waje bai tanadar maka komai a cikin ɗaki ba. A watan Janairun 2024 Prime Video ya sanar da dakatar da ɗaukar nauyin sabbin fina-finai a Afirka kudu da Sahara. Ka shiga rumbunan nan ka nemi abin kallo da Hausa, harshen da dubban dubatar mutane ke magana da shi daga Agadas zuwa Kumasi, ka ga abin da za ka samu. A gefe guda kuma, a watan Satumban 2025 Canal+, wanda dama shi ke riƙe da kallon biya a ƙasashe masu Faransanci irin Burkina, ya karɓe ragamar MultiChoice mai DStv da GOtv. Ƙofofin da ake bi a da suna ta komawa hannu ɗaya. Inda mai rijiya ɗaya ne a gari, ba a tambayar sa kuɗin guga.

Tushen matsalar ya wuce ƙwallo da fim, ya taɓa ma'anar mallaka ita kanta. A watan Yulin 2009 masu na'urar karatu ta Kindle suka wayi gari Amazon ya shiga na'urorinsu daga nesa ya goge wasu littattafan George Orwell da suka saya, saboda wanda ya sa su a kasuwar ba shi da izini. Cikinsu har da littafin da Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar Hausa da sunan Gandun Dabbobi a 1975. An mayar wa mutane kuɗinsu, shugaban kamfanin ya ba da haƙuri, amma darasin ya zauna: abin da ke haɗe da intanet, mai ƙera shi yana da hannu a cikinsa har abada. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ya san cewa malamanmu na Malikiyya ba su yarda da sharaɗin da ke warware manufar saye ba, kamar a sayar maka da abu a ce kada ka sayar kada ka bayar. Sun kuma ba mai saye damar mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Me za a kira na'urar da aka saye ta tana yin abu goma, bayan shekara mai ita na farko ya miƙo hannu daga wata nahiya ya rage mata uku? Za su ce ai ka danna "na amince" a kan dogon rubutun da ya fito ranar farko. Rubutu ne da Turanci ko Faransanci, shafi a kan shafi, wanda ko a ƙasarsu ba a karantawa, kuma in ka ƙi dannawa na'urar ba ta tashi. Amincewar da aka karɓa bayan an riga an karɓi kuɗi, sunanta tilas.

Hausawan Wagadugu ba baƙi ba ne ga hukuncin da ake yankewa a ofis ya sauka a tsakar gida. Tsofaffinmu na tuna Zangouettin, tsohuwar unguwar Hausawa a tsakiyar birni, wadda sunanta ma daga zango ya samo asali. A 2003 aka rushe ta tare da maƙwabtanta a ƙarƙashin shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci, aka watsa dubban mutane zuwa gefen gari, filin kuma ya daɗe yana shan rana. Ba a haɗa rushe gida da kashe manhaja, nauyinsu ba ɗaya ba ne. Amma wanda ya ga wancan ya san salon: a zo da kalma mai daɗin ji, a ce gyara, a ce zamani, a ce tsaro, sannan a raba mutane gida biyu, masu takarda da marasa takarda. A birnin da kowa ya san bambancin unguwar da aka yanka filayenta da wadda ba a yanka ba, ba sai an yi dogon bayani a kan abin da "ba a tantance ba" ke nufi ga talaka ba.

Sai dai zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ranar da allo ya yi baƙi, babu mai neman Amazon. Yaron da ya zo ya haɗa na'urar shi ake tarewa a bakin shago, a kira shi macuci, alhali shi ma da safe ya ga abin kamar kowa. Wannan fushi ya ɓata hanya. Amma akwai masu laifi na kusa da bai kamata a kyale ba, su ne 'yan kasuwar da ke ɗaga kwali su ce maka tasha dubu, kyauta, har abada. Sun san ƙarya suke yi. Sun san layin sata ne da kan mutu ba sallama, sun san wani kwalin ma ba ya karɓar komai daga waje, amma su karɓi kuɗin mutum su bar shi da roba. Bahaushe ya ci kasuwar Afirka ta Yamma ne da suna, ana ba shi bashi daga Kano a biya a Salaga saboda maganarsa ɗaya ce. Wanda ya ɓoye aibin haja don ribar yini guda, gadon gidansu yake sayarwa. Shi ma mai saye ya ji tasa: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda aka ce masa duk ƙwallon duniya kyauta ne ya yarda, da saninsa aka cuce shi.

Akwai kuma kason masu shirya fina-finanmu da masu gina manhajojinmu. An yi ƙoƙari, an kafa dandamali irin su Northflix da Kallo, Arewa24 ma tana da tata manhajar. To amma a sani, Bahaushe bai ƙare a Jibiya ko Illela ba. Akwai masu kallo a Wagadugu da Bobo Julaso da Yamai da Abijan da Lome, aljihunsu sefa ce, asusunsu kuma Orange Money ne ko Moov Money. Duk dandalin da ba ya karɓar kuɗin da ke hannun mai kallo, shi da kansa ya tura shi wurin masu turi. Ba a yi wa mutum wa'azin halal a rufe masa shagon halal. Haka matasanmu masu haɗa manhajar tafsiri ko ta gidan rediyo, lokaci ya yi da za su daina raba ta hannu da hannu kawai. Su yi rajista, su shigar da ita rumbunan nan tun ƙofa ba ta gama rufewa ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abin kunya ne a ce birnin da ke karɓar baƙuncin FESPACO tun 1969, inda duk Afirka ke taruwa don girmama fim, 'ya'yan Hausawansa ba su da halastacciyar hanya mai sauƙi ta biyan kuɗin fim ɗin harshensu.

Kada kuma a ce ƙorafi ba ya amfani. Da masu gina manhajoji a duniya suka yi ca a kan Google, a watan Nuwamban 2025 kamfanin ya sassauta, ya ce zai bar wata hanya ga wanda ya san abin da yake yi ya ɗora manhajar da ba a tantance ba bayan an gargaɗe shi. Wannan shi ne daidai: a faɗa wa baligi hatsarin, a bar masa zaɓi. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda da yawa daga kamfanonin nan suke, wata doka ta fara aiki a farkon 2025 wadda ta hana a rubuta "saya" a kan fim ko waƙa ko littafin intanet idan aro ne ake ba mutum, sai an bayyana masa. A nan gida ma, a watan Afrilun 2023 masu waya a Burkina sun yi gangamin kashe layukansu na ɗan lokaci don nuna fushi a kan tsadar intanet, kuma maganar ta kai kunnen hukuma. Muna da ƙungiyar kare masu saye ta LCB, muna da hukumar ARCEP mai kula da sadarwa, muna da BBDA mai kare haƙƙin masu fasaha. Ba za su iya juya kamfanin Amurka ba, amma za su iya tilasta wa mai shigo da kaya ya faɗi gaskiyar abin da ke cikin kwali, ya kuma karɓi kayansa idan ya ɓoye aibi.

Kafin wannan rana, mai saye ya kare kansa da bakinsa. Ya tambayi mai shago a gaban shaida: wannan na'ura tana karɓar manhaja daga waje ko ba ta karɓa? Tana karanta filashi? Abin da ka ɗora mini a ciki na halal ne ko na sata, kuma in ya mutu wa zai ɗauki asara? Wanda ya kasa amsa waɗannan, a bar masa kayansa. Abin da kuma muka saya da kuɗinmu na fim ko karatu ko waƙa, mu nemi a ba mu shi a hannu mu adana, domin zanen aro ba ya rufe katara.

Ba ma neman a halasta sata, kuma ba ma roƙon kyauta. Abin da muke cewa tsohon abu ne da kowace kasuwa ta sani: in haya ce a ce haya ce, mu san za mu mayar. In sayarwa ce, a karɓi kuɗi a sallama. Wanda ya sayar da doki ya riƙe linzami bai sayar da doki ba, ya dai samu mai ciyar masa da shi ne. Harshen da muke ƙoƙarin miƙa wa 'ya'yanmu a Cissin ya tsallake hamada da daji a kan jakuna, ya tsira daga mulkin mallaka da rushe unguwa. Bai kamata mu zuba ido makomarsa a falonmu ta rataya a kan sa hannun wani ma'aikaci da bai taɓa jin ana sallama da Hausa ba. Allah ya ba mu ikon gyarawa.